Idan sabunta manhaja ya ƙi saboda furoksi mai ajiye kunshi: yadda ake gano matsalar da gyara ta

Duk inda kwamfutoci masu Debian ko Ubuntu suka yi yawa, da wuya a rasa wata na'ura da aka ajiye tsakaninsu da intanet domin rage cin data. Ita ce furoksi mai ajiya. Kwamfuta ta farko ta nemi kunshin manhaja, furoksi ya sauko da shi ya ba ta, ya kuma riƙe kwafi. Ta biyu da ta goma in sun nema, daga ajiyarsa za a ba su. Waɗanda aka fi amfani da su su ne apt-cacher-ng, mai saurare a tasha (lambar ƙofar sadarwa, wato port) 3142, da Squid a 3128, da squid-deb-proxy a 8000. Tsarin yana aiki lafiya har ranar da `apt update` zai tsaya da `Hash Sum mismatch`, ko `apt upgrade` ya ce 404, wato bai samu fayil ɗin ba, a kan kunshin da ka tabbata yana nan.

Kafin ka taɓa komai, ka fahimci abin da apt, manhajar da ke saukowa da girka kunshi a Debian da Ubuntu, yake dubawa, domin yawancin waɗannan kurakurai daga wuri ɗaya suke fitowa.

Sarƙar da apt ke bi

Fayiloli iri biyu ne ke bi ta furoksi, kuma halinsu ya saɓa. Akwai kunshin kansa, fayil mai ƙarewa da `.deb`. Sunansa na ɗauke da lambar siga, don haka a ƙa'ida ba ya taɓa canzawa. In an gyara manhajar, sabon fayil ake fitarwa da sabon suna. Irin wannan ana iya ajiye shi wata da watanni. Sai kuma fayilolin jadawali: `InRelease`, `Release`, `Packages.xz` da 'yan uwansu. Sunansu ɗaya ne kullum, amma abin da ke cikinsu yana canzawa duk lokacin da aka sabunta rumbun manhajar.

apt yana fara sauko da `InRelease`, ya duba sa hannun masu rumbun. A cikinsa akwai girman kowane fayil na `Packages` da lambar tantancewarsa ta SHA256. A cikin `Packages` kuma akwai girma da SHA256 na kowane `.deb`. Kowane mataki na shaidar na gaba. To idan furoksi ya ba ka `InRelease` na yau ya haɗa maka da `Packages` na shekaranjiya, kowanne fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, ba wanda ya lalace, amma ba su dace da juna ba, sai apt ya ƙi. Idan kuwa duka biyun tsofaffi ne, `apt update` zai wuce shiru, sai a wajen sauko da kunshi a tarar rumbun ya riga ya goge tsohuwar sigar, a samu 404.

Saboda haka tambayar da za ka riƙe a ranka ita ce: wane fayil ne ya tsufa, kuma a hannun wa?

Mataki na farko: gano ko da furoksi a hanya, kuma daga ina aka saita shi

Mutane da yawa suna rantsuwa ba su da furoksi, alhali wani ya saka shekaru biyu da suka wuce ya bar aikin. Fara da wannan:

```
apt-config dump | grep -i proxy
grep -ri proxy /etc/apt/apt.conf /etc/apt/apt.conf.d/
sudo env | grep -i proxy
```

Na uku da `sudo` ne da gangan. sudo yakan zubar da yawancin saitunan muhalli, don haka `http_proxy` da kake gani a matsayinka na mai amfani ba lallai shi apt ke gani ba. Leƙa `/etc/environment` ma.

Akwai wurare biyu da ake mantawa. Na ɗaya, adireshin furoksi yana iya zama a cikin jerin rumbunan kansa, misali `http://192.168.1.10:3142/deb.debian.org/debian`. Duba `/etc/apt/sources.list` da duk abin da ke cikin `/etc/apt/sources.list.d/`, a Ubuntu 24.04 babban jerin ya koma fayil ɗin `ubuntu.sources` a wannan folda. Na biyu, `Proxy-Auto-Detect`, wanda kunshi irin su auto-apt-proxy da squid-deb-proxy-client ke sakawa. Wannan yana laluben furoksi da kansa a cikin hanyar sadarwa, kuma abin da ya samo yana rinjayar babban saitin `Acquire::http::Proxy`. In ka gan shi, ka matsar da fayil ɗinsa gefe kafin gwajin da ke tafe, in ba haka ba za ka ɗauka ka kauce wa furoksi alhali ta cikinsa ka bi.

Mataki na biyu: kauce masa sau ɗaya

Wannan gwajin shi ke raba gardama, kuma ban ga amfanin shiga sabar furoksi kafin a yi shi ba.

```
sudo rm -rf /var/lib/apt/lists/*
sudo apt-get -o Acquire::http::Proxy=DIRECT -o Acquire::https::Proxy=DIRECT update
```

Goge `/var/lib/apt/lists` ba shi da haɗari, jadawali ne kawai da apt zai sake saukowa da su. Ana goge shi ne don kada ragowar da ke kan kwamfutar ta ruɗar da sakamakon. Idan ya wuce kai tsaye, sai ka sake gogewa ka maimaita ta furoksi. Ya ƙi a karo na biyu? Laifin furoksi ne. Ya wuce a duka biyun? To tsohon jadawalin kwamfutar ne ya lalace, ko kuwa rumbun yana tsakiyar sabuntawa ne lokacin da ka fara gwadawa; saƙon `File has unexpected size` ma da kansa yakan ƙare da tambayar `Mirror sync in progress?`. Ya ƙi a duka biyun? Matsalar tana can gaba, ko a rumbun, ko a wani furoksi ɓoyayye da za mu zo kansa.

Idan hanyar sadarwarku ta hana kwamfutoci fita kai tsaye, yi gwajin daga kan sabar furoksin da curl, umarnin da ke ɗauko fayil daga adireshin intanet (`bookworm` a nan sunan Debian 12 ne, ka sa sunan taka sigar):

```
curl -s --noproxy '*' http://deb.debian.org/debian/dists/bookworm-updates/InRelease | grep -E '^(Date|Valid-Until)'
curl -s -x http://127.0.0.1:3142 http://deb.debian.org/debian/dists/bookworm-updates/InRelease | grep -E '^(Date|Valid-Until)'
```

Kwanan watan da suka saɓa ya isa hujja.

Mataki na uku: karanta kuskuren da kyau

Kowane saƙo yana nuna wani wuri daban, kuma apt ba ya rowar bayani. A ƙarƙashin `Hash Sum mismatch` yana rubuta abin da ya zata da abin da ya samu: girma, SHA256, da ranar da aka taɓa fayil ɗin a ƙarshe, tare da ranar da aka fitar da `Release`. Kwatanta ranakun biyu. In fayil ɗin da aka samu ya girmi `Release` da kwanaki, tsohon kwafi aka ba ka. In girman da aka samu ya gaza wanda aka zata sosai, saukowa ce ta yanke furoksi ya ajiye rabi. In girman daidai yake amma lambar ta saɓa, sai ka fara zargin faifai ko ƙwaƙwalwar sabar, ko wata na'urar tsaro da ke taɓa abin da ke wucewa.

Ka kuma lura da wane fayil ne ya faɗi. In adireshin na ƙarƙashin `dists/` ne, jadawali ne. In na ƙarƙashin `pool/` ne, kunshi ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Saƙon da ke cewa `Release file` ɗin `is expired` yana nufin wa'adin `Valid-Until` ya wuce. Rumbun tsaro na Debian yana saka wa'adi na kusan mako guda, daidai don kada wani ya riƙa ba ka tsohon jadawali ya hana ka ganin gyaran tsaro. Furoksin da ya daina tuntuɓar waje yana yin wannan aikin ba da niyya ba. Kishiyarsa, `is not valid yet`, kusan kullum agogon kwamfutarka ne ya koma baya. `timedatectl` zai nuna maka, furoksi ba ruwansa.

`Clearsigned file isn't valid, got 'NOSPLIT'` kuwa yana nufin abin da ya iso ba `InRelease` ba ne sam. Galibi shafin intanet ne, na shiga da kalmar sirri ko na gargaɗin tace shafuka. Buɗe shi da curl ka gani da idonka. Abin haushi shi ne furoksi yana iya ajiye wannan shafin a matsayin fayil na gaskiya ya ci gaba da raba shi bayan an gyara hanyar.

Lambobin 403 da 503 galibi daga bakin furoksin suke fitowa, kuma sun fi sauƙi. In kana son ganin duk abin da apt da furoksi suka faɗa wa juna, ƙara `-o Debug::Acquire::http=true`.

Mataki na huɗu: shiga sabar furoksi

Fara da abin da ba ya buƙatar tunani:

```
df -h /var/cache/apt-cacher-ng
df -i /var/cache/apt-cacher-ng
systemctl status apt-cacher-ng
tail -n 50 /var/log/apt-cacher-ng/apt-cacher.err
```

Faifai cikakke shi ne uban rabin fayil. Haka ma foldar da wani ya kwafo da ikon root ya manta bai mayar wa mai amfani `apt-cacher-ng` mallakarta ba: furoksi zai iya karanta tsohon jadawali amma ba zai iya rubuta sabo a kansa ba. `chown -R apt-cacher-ng:apt-cacher-ng /var/cache/apt-cacher-ng` ya wadatar. Sannan ka tabbatar sabar kanta tana iya fita waje, da DNS da komai. Saƙo irin `503 Connection closed, check DlMaxRetries` yana cewa ne furoksin ya gwada rumbun na sama haɗin yana yankewa. Ƙara adadin gwaji na iya rufe matsalar na ɗan lokaci, amma rumbun ko layin ne ke da ciwo.

Idan waɗannan duka lafiya, sai a cire fayil ɗin da ya ɓaci. apt-cacher-ng yana ajiye komai a fili, cikin foldoji masu bin tsarin rumbun. Saitinsa na asali yana haɗa dukkan madubin Debian, wato sabobin da ke riƙe da kwafin rumbun, a ƙarƙashin `debrep`, na Ubuntu a `uburep`, na tsaron Debian a `secdeb`; sauran rumbuna suna zama da sunan sabarsu. Kowane fayil yana da abokin tafiya mai ƙarewa da `.head`, inda aka rubuta kanun amsar da aka samu ranar saukowa. Dole a cire su tare.

Ga jadawali:

```
sudo systemctl stop apt-cacher-ng
sudo rm -rf /var/cache/apt-cacher-ng/debrep/dists/bookworm-updates
sudo systemctl start apt-cacher-ng
```

Ga kunshi guda, nemo shi da `find /var/cache/apt-cacher-ng -name 'sunan-kunshi_*'`, ka goge `.deb` ɗin da `.head` ɗinsa. A kan kwamfutar da ta samu matsalar kuma ka yi `sudo apt clean` ka sake goge `lists`, don ragowar da ke cikin `partial` kada apt ya yi ƙoƙarin ɗorawa a kanta.

Za ka ga ana ba da shawarar goge dukan `/var/cache/apt-cacher-ng`. Yana aiki, ba musu. Amma ka zubar da gigabayit ɗin da aka kafa furoksin domin tarawa, kuma ka goge shaidar da za ta nuna maka dalili. Ni dai sai faifan ne ya lalace nake yarda da hakan. Akwai hanya ta tsakiya: shafin kula da ke `http://adireshin-saba:3142/acng-report.html`, inda za ka sa a binciki ajiyar, a kwatanta abin da ke ciki da lambobin tantancewa, a nuna maka waɗanda suka lalace ka goge su. Yana ɗaukar lokaci in ajiyar babba ce.

Wani abu game da haɗa madubai ɗin nan. Amfaninsa shi ne kwamfutar da ke nuna madubin Jamus da wadda ke nuna na Faransa su ci daga ajiya ɗaya. Haɗarinsa shi ne madubai ba sa sabuntawa a minti ɗaya, sai a ɗauko `InRelease` daga wanda ke gaba, `Packages` daga wanda ke baya. Idan matsalar tana dawowa kowane 'yan kwanaki tana kuma warkewa da kanta, nan za ka duba. Layukan `Remap-` da ke `/etc/apt-cacher-ng/acng.conf` suna nuni ga fayiloli irin `backends_debian` da `backends_ubuntu`. Rubuta madubi guda amintacce a ciki, furoksin ya riƙa zuwa can kaɗai.

Tun Ubuntu 16.04 a shekarar 2016 aka rage wannan ciwo ƙwarai da tsarin `by-hash`: maimakon apt ya nemi `Packages.xz` da sunansa, sai ya neme shi ta adireshin da ke ɗauke da lambar SHA256 ɗinsa, ta yadda tsohon kwafi ba zai iya amsa sunan sabo ba. Rumbunan Debian da Ubuntu suna da shi. Za ka ga layin `Acquire-By-Hash: yes` a cikin `InRelease`. Yawancin ƙorafin da ya rage yanzu daga rumbunan kamfanoni da na masu zaman kansu yake, waɗanda ba su kunna shi ba. Wasunsu ma suna sake fitar da `.deb` da suna ɗaya da siga ɗaya amma abin ciki daban, wanda ya karya zaton da duk furoksi ya dogara a kai. Irin wannan rumbu gara a cire shi daga ajiya gaba ɗaya, ko da `DontCache` a saitin furoksi, ko a kan kwamfutocin:

```
Acquire::http::Proxy::rumbu.example.com "DIRECT";
```

HTTPS da 403

Furoksi ba ya ganin abin da ke cikin haɗin HTTPS, saboda haka ba zai iya ajiye shi ba; iyakarsa ya buɗe hanya ya bar bayanai su wuce. apt kuma, in ba a ba shi saitin https na musamman ba, na http yake ara. apt-cacher-ng yakan ƙi buɗe wannan hanya sai an ba shi izini, ya mayar da `403 CONNECT denied`. Wannan ne ya sa komai ke tafiya daidai har ranar da aka ƙara rumbun Docker ko wani makamancinsa.

Mafita uku ce. Mafi sauƙi, a sa `Acquire::https::Proxy "DIRECT";` a kwamfutocin. In ba su da ikon fita, a saka `PassThroughPattern` a `acng.conf`. Za ka ga ana rubuta `.*` a nan, wanda ke mayar da sabarka ƙofar da kowa a hanyar sadarwar zai bi ya je ko'ina. Gara ka lissafa sunayen rumbunan da ka yarda da su. Ta uku ita kaɗai ke ba da ajiya ta gaske: a jerin rumbuna ka rubuta `http://HTTPS///rumbu.example.com/...`, kwamfuta ta yi magana da furoksi a buɗe, shi kuma ya yi HTTPS da waje. Sa hannun `InRelease` yana nan yana kare kunshin.

Ɗaya 403 ɗin, `Forbidden file type or location`, yana nufin sunan fayil ɗin bai shiga jerin waɗanda furoksin ya sani ba. Yakan faru in tsohon apt-cacher-ng ne ke hidimar sabon tsarin aiki. Sabunta furoksin tukuna. In bai isa ba, `VfilePatternEx` na fayiloli masu canzawa ne, `PfilePatternEx` na waɗanda ba sa canzawa. Kada ka juya su, domin saka jadawali a rukuni na biyu shi ne ƙirƙiro `Hash Sum mismatch` da hannunka. A squid-deb-proxy kuwa, 403 yawanci na nufin sunan rumbun ba ya cikin jerin `mirror-dstdomain.acl`.

Idan Squid ne

Squid bai san apt ba, ƙa'idojin `refresh_pattern` kawai yake bi, kuma layin farko da ya dace shi ke cin nasara. Duba `/var/log/squid/access.log`: in ka ga `TCP_HIT` ko `TCP_MEM_HIT` a kan `InRelease`, an ba da shi daga ajiya ba tare da tambayar waje ba. Abin da kake so a kan jadawali shi ne `TCP_MISS` ko `TCP_REFRESH_UNMODIFIED`. Sa layin jadawali sama da na kunshi:

```
refresh_pattern /(InRelease|Release|Release\.gpg|Packages|Sources)(\.gz|\.xz)?$ 0 0% 0
refresh_pattern \.deb$ 129600 100% 129600
```

Lambobin mintuna ne, 129600 kwana 90 ke nan. Nemi `override-expire` da `ignore-reload` a kan duk wani layi mai faɗi ka cire; na biyun yana sa Squid ya yi biris da roƙon da apt ke aikawa in ka ba shi `-o Acquire::http::No-Cache=true`. Bayan gyara, `squid -k parse` sannan `squid -k reconfigure`. Wasu tsofaffin furoksi kuma suna rikicewa in apt ya jero buƙatu da yawa a haɗi ɗaya, su musanya amsoshin; `Acquire::http::Pipeline-Depth "0";` yana hana wannan.

Furoksin da ba kai ka saka ba

Koma kan yanayin da gwajin `DIRECT` ma ya faɗi. Wasu masu ba da intanet da wasu ma'aikatu suna tare duk zirga-zirgar tasha 80 su bi da ita ta ajiyarsu ba tare da sanarwa ba. `curl -sI` zai nuna maka kanu irin `Via`, `Age` da `X-Cache`, sai dai ka yi hattara: manyan rumbuna da kansu suna bayan hanyoyin rarraba bayanai masu saka waɗannan kanun, don haka ganinsu kaɗai ba hujja ba ne. Hujjar ita ce ka nemi fayil ɗaya ta http da ta https ka kwatanta da `sha256sum`. In sun saɓa, mayar da jerin rumbunanka https.

Ba duk 404 ne na furoksi ba. Sigar da aka daina tallafawa ana kwashe ta zuwa `old-releases.ubuntu.com` ko `archive.debian.org`. Furoksi ma yakan ɓoye wannan na ɗan lokaci, yana ba da tsohon abin da ke hannunsa, har ranar da aka share ajiyar sai komai ya faɗi lokaci guda a ɗora wa mai sharar laifi.

Abin da ba gyara ba ne

`--allow-unauthenticated`, `trusted=yes` a jerin rumbuna, da `Acquire::Check-Valid-Until=false` kowannensu yana iya sa wani jan rubutun ya ɓace. Amma kuskuren yana gaya maka ne cewa abin da ya iso ba shi masu rumbun suka sa wa hannu ba, ko kuwa wa'adinsa ya wuce, kuma kunshin da za ka girka da ikon root zai gudana. Wanda ya kashe binciken don `apt upgrade` ya wuce, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Wuri ɗaya da ɗage `Valid-Until` ke da hujja shi ne rumbun tarihi da aka daskarar da gangan, irin `snapshot.debian.org`, kuma a kan wannan layin kaɗai.

Sauran masu sarrafa kunshi

Tsarin tunanin bai canza ba, sunaye ne suka canza. A Fedora da danginta `repomd.xml` ne ke matsayin `InRelease`, saitin furoksi yana `/etc/dnf/dnf.conf`, `dnf clean metadata` kuma ke share jadawalin kwamfuta. Da yake saitin `metalink`, mai kawo jerin madubai, yana zaɓo madubi daban-daban, furoksi na gama-gari ba ya amfana sosai sai an ɗaure kwamfutocin a `baseurl` guda, wato adireshin madubi ɗaya. Ga npm, mai sarrafa kunshin JavaScript, `npm config get registry` zai nuna maka inda ake zuwa, `EINTEGRITY` kuma shi ne tagwayen `Hash Sum mismatch`. pip, na Python, yana da `pip config list` domin ganin saitinsa.

A Nexus, wata manhajar sabar da ita ma ke aikin furoksi mai ajiye kunshi, akwai wani tarko na daban: yana tuna amsar "babu". In wani ya nemi siga kafin a fitar da ita, Nexus zai riƙe wannan 404 ɗin, a saitin asali har minti 1440, wato yini guda cur, ko da an fitar da sigar bayan minti biyar. Maɓallin `Invalidate cache` da ke shafin rumbun yana share wannan tare da tsohon jadawali, ba tare da ya taɓa kunshin da aka riga aka ajiye ba.